Ina mujallun ƙwallo suka shiga, kuma za a iya sake buga irinsu a Legas?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar jarida da ɗab'i ce. A da, teburin mai jarida a Agege ko ƙarƙashin gadar Ikeja ba ya rasa Complete Football da Shoot da World Soccer, ga babban hoton ɗan wasa a tsakiya wanda ake cirewa a manna a bangon shago. Yau sai ka zagaye teburin ba ka ga ko ɗaya ba. Waya ce kaɗai ta kashe su, ko akwai wani dalili? Idan kuma wani ya so buga ƙaramar mujallar wasanni da Hausa duk wata, don mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, me zai fuskanta? Sannan masu tsofaffin kwafe a gida, yaya za su kare su daga danshin garin nan?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waya ta ƙarasa su ne, amma tun kafin ta zo sun fara jigata. Marigayi Sunny Ojeagbase ya fara Complete Football a 1985, lokacin da mai son sanin halin da 'yan wasanmu na Turai suke ciki ba shi da wata hanya sai rediyo da takarda. Shi ya sa labarin da ya yi mako uku yake da daraja. Zamanin kofin Afirka na Tunisiya a 1994 da zinaren gasar Olympics ta Atlanta a 1996, hoton Yekini ko Amokachi ko Tijjani Babangida kaɗai ya isa ya sayar da mujalla.

A 1995 kamfaninsa ya fito da jaridar Complete Sports mai fita kullum. Wanda ya karanta sakamakon jiya da safe a jarida mai arha ba ya jiran ƙarshen wata. Sai gidajen kallon ƙwallo suka bazu a unguwanni, mutum ya ga wasan da idonsa. Wayar salula ta shigo a 2001, bayan wasu shekaru intanet ta biyo ta cikin aljihu.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tsarin sayarwa. Mawallafi yana kai kaya wurin dillalai, irin na titin Kakawa a tsibirin Legas, su raba wa masu tebur. Mai tebur ba ya biyan kuɗin abin da bai sayar ba, mayar da shi yake yi. Asarar kwantai duka tana kan mawallafi, kuma kuɗin wanda aka sayar ma ba ya dawowa da wuri. Ga masu karatun kyauta, mutum goma su tsaya kan kwafi ɗaya suna musu, a watse ba wanda ya saya. Da can talla ce ke rufe wannan giɓin. Da masu talla suka koma Facebook da Google, inda ake nuna musu adadin waɗanda suka gani, sai ginshiƙin ya faɗi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Shoot ta Ingila, wadda ta fara a 1969, ta daina fitowa a matsayin mujallar takarda a 2008. Mujallar ESPN ta Amurka ta rufe bugun takarda a 2019. France Football, mai ba da Ballon d'Or, ta koma fitowa wata-wata a 2021.

Mai Injin Shomolu:

Malam Ɗan Agege, bari in ba ka lissafin bugu, don a nan ne yawancin masu niyya suke karaya.

Shafukan mujallar da ake ɗinkewa ta tsakiya dole su rabu huɗu-huɗu: 32, 40, 48. Mu ɗauki shafi 48 girman A4, duka mai kala. Ƙaramin inji irin Kord, wanda ya cika Shomolu da Mushin, yana ɗaukar shafi 4 a fuska ɗaya ta fallen takarda. Kenan fuska 12. Kowace fuska tana son faranti 4, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da hoton abin da za a buga, na shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Faranti 48 kenan, ban da na bango. Kuɗin nan ba ya canzawa, ko kwafi 300 za ka buga ko 5,000. Saboda haka ƙaramin bugu shi ne mafi tsada a kan kowane kwafi.

Takarda kuma: kowane kwafi zai ci falle 6, gaba da baya. Kwafi 1,000 falle 6,000 ne, wato rim 12 mai falle 500, kuma dole ka ƙara na ɓarna, don kafin kala ta daidaita a kowace fuska sai an lalata wasu. Ciki ana amfani da takarda mai sheƙi mai nauyin giram 90 zuwa 115 a kowace murabba'in mita, bango giram 250 ko 300. In ka sauka ƙasa da 90, hoton bayan shafi zai riƙa lekowa ta gaba.

Matsalar da ta fi ɓata mujallar wasanni ita ce kaucewar kala. Kord kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, takarda ta ratsa shi sau huɗu a kowace fuska. Da damina takarda tana shan danshi ta ɗan buɗe tsakanin bugu da bugu, sai ka ga fuskar ɗan wasa da inuwa biyu, koren rigar Super Eagles ya rabu zuwa shuɗi da rawaya a gefe. Don hotuna, a biya a je injin da ke buga kala huɗu a tafiya ɗaya. Kuma hoton da aka kwaso daga WhatsApp ba ya buguwa, an riga an matse shi. Ana son ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga shi, kuma da izinin mai hoton.

Kusan duk kayan nan daga waje suke zuwa. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta daɗe da tsayawa, ta Iwopin ma ba ta riƙe kasuwa ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin da mai takarda ya ba ka wannan makon ba lallai ya kai mako mai zuwa ba. Idan ka buga 1,000 ka sayar da 600, waɗannan 600 ne za su ɗauki nauyin duka. Yi lissafinka a kan haka tun farko.

Hajiya Ta Yaba:

Ni batun tsofaffin kwafen ya fi damuna, don abin da ya lalace a cikinsu ba a sake samunsa. Wasannin ƙungiyoyin Stationery Stores da Ranchers Bees da tsohuwar gasar ƙalubale, wato Challenge Cup, a filin Surulere, da yawa a waɗannan takardun kawai aka rubuta su.

Abu na farko, a cire ƙarafan da aka ɗinke tsakiya da su. A iskar Legas tsatsa suke yi, tsatsar ta ci takarda har shafin tsakiya ya faɗo. A ɗaga ƙafafun ƙarfen da bakin wuƙa marar kaifi, a zare ta baya a hankali. Kada a manna yagewa da salatif, gam ɗinsa yana komawa ruwan ƙasa ya ratsa takardar. Kada kuma a yi laminatin, zafi ne da gam, kuma ba a iya warwarewa.

A kwantar da su a shimfiɗe, kamar goma zuwa goma sha biyar a jere, cikin akwatin roba mai murfi, da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Akwatin ya hau kanta, nesa da ƙasa saboda ambaliya da gara, kuma kada ya jingina da bangon waje. A tabbata takardar ta bushe sarai kafin a rufe ta, in ba haka ba fumfuna aka ɗaure a ciki. A ware jarida da mujalla, domin takardar jarida tana da asid, shi ke sa ta yi rawaya ta riƙa karyewa, kuma yana shafar abin da ke manne da ita.

In ruwa ya taɓa takarda mai sheƙi, a raba shafukan tun suna jiƙe, a sa farar takarda tsakaninsu, a kunna fanka. In suka bushe a haɗe sun zama dunƙule ɗaya, ba sa rabuwa. Ba a shanya su a rana.

A yi musu sikanin a ɗigo 300, manyan hotunan tsakiya a 600, a sa wa kowane fayil sunan mujalla da wata da shekara, a ajiye a wuri biyu. Mai neman fitowar da ya rasa ya gwada reshen ɗakin karatu na ƙasa da ke Yaba, tunda doka ta wajabta wa mawallafa kai kwafe ga hukumar ɗakin karatun.

Baban Ummi:

Hajiya ta yi gaskiya. Zan ƙara wa Ɗan Agege abu ɗaya kan mujallar Hausa. Kada a saka sakamako ko teburin gasa ko jita-jitar sayen 'yan wasa, kafin tawada ta bushe sun tsufa. A saka abin da waya ba ta da shi: doguwar hira da tsofaffin 'yan wasa, tarihin Kano Pillars da kofunanta na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, 'yan damben da ke wasa a unguwanninmu, ƙungiyoyin matasan Agege da ba wanda ke ɗaukar hotonsu. World Soccer da FourFourTwo da irin wannan suke rayuwa har yanzu.

A fara da shafi 32, sau huɗu a shekara maimakon duk wata. A karɓi kuɗin masu so kafin a je Shomolu, a buga adadinsu da ɗan ƙari, a raba ta gidajen kallo da shagunan aski da shugabannin kasuwa, inda za a biya nan take ba a dawo da kwantai ba.