Za mu kwana a tanti a Yankari: gas ko itace, kuma ya ake yi da shara?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 12 ne, tsofaffin 'yan aji ɗaya, za mu gandun dajin Yankari a watan Janairu, kwana biyu. Rabinmu ɗaki suke so a Wikki, masaukin baƙi na cikin gandun, sauran sun dage sai tanti. Ni aka ɗora wa girki da shara. In ɗauki ƙaramin tulun gas ne, ko mu tsinci itace a can? Ledoji da ragowar abinci kuma, ƙonawa ake yi ko binnewa? Ranar Juma'a zan shiga kasuwa.

Ɗan Gombe: Wa alaikumus salam. Ku riƙe riguna masu dogon hannu, ƙudan tsando na bakin kogin Gaji ba ya wasa. Kada ku sa baƙi ko shuɗi, su yake bi.

Maman Ilham: Ni roƙona ɗaya, kada ku shiga ruwan Wikki da sabulu. Ruwa garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, kana hango yashin ƙasa, amma na ga wata tana wankin kayan yara a ciki. Raina ya ɓaci.

Baban Sadiq: Abu Hanif, kada ka kunna wutar itace a daji cikin hunturu. Ni ganau ne. Ba a Yankari ba, a gindin wani dutse ne kusa da wani ƙauye. Mu bakwai muka gasa nama da dare, da asuba muka watsa wa garwashin ƙasa muka tafi. Ashe ƙasa rufe wuta take yi, ba ta kashe ta. Iska ta taso da hantsi, ciyawa ta kama, wuta ta bi kara har gonar wani dattijo. Damman dawarsa da bai kwashe ba, da harawar da ya tara wa dabbobi, duk suka tafi. Mai mashin ɗin da ya nuna mana hanya ne ya kira ni. Mun koma gaban mai unguwa, mun biya, amma uku daga cikinmu suka rantse ba su san da wutar ba, har da wanda ya hura ta. Dattijon bai zage mu ba. Tambaya ɗaya ya yi mana, me 'ya'yansa za su ci kafin damina. Har yau ba na iya gaisawa da mutanen nan uku.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah Ya mayar masa da alheri.

Ɗan Gombe: To ku me ya hana ku zuba ruwa?

Baban Sadiq: Jarka ɗaya ta rage mana, muka ce ta alwala ce.

Sarkin Yawo: Tanti dai na mutum huɗu naira dubu 45 na sayo nawa a Kano.

Ɗan Gombe: Wace shekara? Ni an ce min dubu 90 watan jiya, kuma gwanjo ne.

Sarkin Yawo: An ga fuskar baƙo ne.

Malam Gandu: Na karanci harkar gandun daji. Yankari ba dajin kowa da kowa ba ne, tun 1956 aka keɓe shi, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin Bauchi. Inda ma'aikata suka nuna muku nan za ku kafa tanti, ba a shiga daji sai da su. Busasshen icen da kake gani a ƙasa gidan ƙwari ne, idan ya ruɓe shi ne takin wurin. Leda ba a binne ta, bika da gadu za su tono. Ka zo da buhu, abin da ka shiga da shi ka fita da shi. Inda babu makewayi, a haƙa rami kamar taƙi ɗaya, taku 70 daga ruwa.

Sarkin Yawo: Malam, wannan taku 70 ɗin na littafin Turawa ne. Ni sau shida ina zuwa, kai sau nawa?

Malam Gandu: Ba sai Bature ya faɗa ba. Manzon Allah (SAW) ya hana bahaya a mashaya da hanya da inuwar mutane, ya kuma ce a kashe wuta kafin a kwanta.

Baban Sadiq: Zuwa sau shida ba ilimi ba ne. Mu ma ba ranar muka fara ba.

Kawu Bala: Shara kuke wa lissafi? Bikan Wikki za su raba ku da burodin kafin ya zama shara. Wani a gabana ya zuge jakar wata Hajiya kamar jami'in kwastan.

Maman Ilham: Kawu, mutane ne suka lalata su da miƙa musu biskit. Kada ku ba su komai, abinci kuma a kulle a mota.

Sarkin Yawo: To a sayi buhun gawayi a hanya, shi ke nan an huta.

Malam Gandu: Gawayin daga sama ya faɗo? Ka dubi buhunan da ke jere a bakin titi, kowanne bishiya ce aka kayar.

Ɗan Gombe: Ku daina ɗora wa talaka laifi. Kilon gas nawa yanzu? Matata ta koma murhu ba don tana son hayaƙi ba. Tireloli ake lodawa da gawayi, ba mai girkin tuwo ke cinye dajin ba.

Abu Hanif: Na gode ƙwarai. Baban Sadiq, na ajiye maganar itace. Amma tulu mai kilo 6 zai ishi mutum 12 kwana biyu?

Ɗan Gombe: A unguwarmu ma ka biya kuɗin kilo 6, ka auna a gida ka ga biyar.