Gwangwanin tsofaffin kwabban Amurka: wa ya taɓa tsintar na musamman a ciki?

Maman Ilham, Columbus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Wata tsohuwa da na yi wa hidima shekara huɗu ta rasu watan jiya. Da 'yarta ta zo kwashe kaya sai ta miƙo mini gwangwanin biskit mai nauyi, wai mamarta ta bar wasiyya a ba ni. Kwabbai ne cike, 'yan santi ɗai-ɗai. Yawancinsu zangarniyar alkama biyu ce a bayansu, ba ginin nan da muka saba gani ba. Akwai uku manya, sun fi mai santi 25 faɗi, sun yi baƙi ƙirin: ɗaya 1848, ɗaya 1851, na ukun ya suɗe har shekarar ba ta karantuwa. Ɗana ya zaro wani na 1955, ya duba a waya, ya ce irinsa kan haura dala dubu. Na wanke ɗaya daga cikin manyan da lemun tsami da gishiri don in ga rubutun, ya yi ja wur. Kafin in ci gaba na ce bari in ji daga waɗanda suka riga ni. Wanda ya taɓa zaton ya tsinci na musamman, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Direban Bronx

Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah ki dakata da wankin nan. Baƙin da kike gani shi masu saye ke biya, kuma da sun ɗaga kwabo suke gane an dirje shi. Wanda kika wanke ya riga ya faɗi, ki bar sauran yadda suke.

Na 1955 kuwa, ni ma ya taɓa hana ni barci. Fasinja ya ba ni canji, da dare ina ƙirga ciniki na ga 5 ɗin ƙarshe na shekarar kamar da inuwa a gefensa. Washegari ban fita aiki da wuri ba, na nufi shagon wani dattijo mai sayen tsofaffin kuɗi. Bai ko ɗauki gilashinsa ba ya ce wannan ba shi ba ne. Sai ya buɗe akwati ya ɗora na gasken a tafin hannuna, cikin rufaffiyar roba. Hajiya, ba ya buƙatar gilashi. Shekarar gaba ɗaya biyu-biyu take, haka LIBERTY, haka IN GOD WE TRUST, kamar idonki ne ke yawo. Ya ce ƙarfen hatimin da ake buga kwabon da shi, a wancan zamanin sai an danna masa zanen fiye da sau ɗaya, to a dannawa ta biyu aka ɗan karkace, duk kwabon da hatimin nan ya buga ya fito da kuskuren. Kimanin dubu ashirin suka shiga gari daga Philadelphia, wasunsu a cikin ledar kwalin sigari, domin injin sayar da sigari ba ya ba da canji, sai a cusa kwabo biyu a jikin kwalin. Nawa kuwa hatimin ne ya tsufa ya cinye, shi ya sa inuwar. Irinsa suna da yawa, kuɗin shayi ma da ƙyar.

Ɗan Damagaram, Greensboro

Ni a gidan mai nake, a kan kanta, saboda haka kullum tsaba na bi ta hannuna. Nawa na 1943 ne. A shekarar, yaƙin duniya ya sa aka karkatar da jan ƙarfe zuwa kayan yaƙi, aka buga kwabo da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, ya fito fari-fari. 'Yan kaɗan ne suka fita da tagulla bisa kuskure, su ne ake sayarwa dala dubu ɗaruruwa. Ran da na ga ja mai 1943 a cikin aljihun injin, hannuna har rawa yake. Na saka kwabona a madadinsa na tafi da shi gida. Na ciro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji, na kara, ya ɗafe caraf. Farin ne wani ya yi masa rufin jan ƙarfe. Ko da bai ɗafe ba sai an duba 3 ɗin, don akwai masu kankare 8 na 1948 ta koma 3.

Tun daga nan na sayi ɗan sikelin da maƙeran zinariya ke awo da shi. A 1982 aka canza kwabon daga tagulla mai giram 3.11 zuwa tutiya mai rufi, giram 2.5, kuma duka biyun an buga su a shekarar, ga mai manyan lambobi ga mai ƙanana. Ido ba ya raba su, sikeli ke rabawa. A da ina karɓo kwali guda a banki, dala 25, kwabo 2,500, mu baje a tabarma ni da yara. Tun da aka daina buga kwabon a Nuwamban 2025, reshen da nake zuwa ba sa ba ni kwali.

Baba Injiniya, Maryland

'Yata Maman Ilham, Allah ya jiƙan tsohuwar nan da ta tuna da ke. Kowa ya tafi kan ƙananan, ni manyan ukun ne suka ja hankalina, don su nake tarawa shekara talatin da wani abu.

An buga su daga 1793 zuwa 1857, duka a Philadelphia, zallar jan ƙarfe. Shekara ɗaya ce babu, 1815, saboda yaƙi da Ingila ya yanke faifan jan ƙarfen da ake kawowa daga can. Abin da ya sa mutum ke iya ƙarar da rayuwarsa a kansu shi ne, a farkon zamanin da hannu ake gyara kowane hatimi. Ma'aikaci zai ɗauki ɗan ƙarfe mai harafi ɗaya ya kafa ya buga da guduma, ya ɗauki na gaba, haka lambobin shekara, haka 'ya'yan ganyen da ke baya. Hatimi biyu ba sa zama ɗaya. Idan ya tsage ba a yar da shi, ƙarfe na da tsada, sai a ci gaba da bugu, tsagewar ta riƙa fitowa a jikin kwabo kamar zare, tana ƙara tsawo. In ka jera uku na hatimi ɗaya za ka san wanda aka fara bugawa da wanda ya zo ƙarshe. William Sheldon ya ba kowane haɗin hatimi na 1793 zuwa 1814 lamba, Howard Newcomb ya yi wa na 1816 zuwa 1857, kuma da lambobin nan ake ciniki har yau.

Nawa labarin a kasuwar 'yan gwanjo ya faru, wata Asabar da sanyi. Wani mutum ya zube kwabbai a kwanon roba, kowanne farashi ɗaya. Na ɗauki wani na 1801 da ya suɗe, hoton kan macen da ke gaban kwabon saura inuwa. A gida na kunna fitilar tebur na juya bayansa. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙullin ganye, inda ya kamata a ga 1/100, wato ɗaya bisa ɗari na dala, sai na ga 1/000. Ma'aikacin da ya gyara hatimin ya buga sifili inda zai buga ɗaya. Na daɗe zaune ina kallonsa. Wani bawan Allah shekara ɗari biyu da suka wuce, wataƙila ga gajiya ga ƙarancin haske, hannunsa ya kuskure, ga shi kuskuren ya iso tebur ɗina. Akwai wani na shekarar mai kuskure uku a baya ɗaya, har UNITED ya fito kamar IINITED. Nawa ba shi ba ne, kuma yadda ya suɗe ba zai yi wani kuɗi mai yawa ba, amma duk cikin tarina shi na fi ɗaukowa. Yakan tuna mini kwabo mai huji da tauraro da muke sayen ƙosai da shi muna yara, wanda sunan nasa ma daga kalmar Turawa ta jan ƙarfe muka aro shi.

Ki duba na 1851 ɗinki da kyau. Akwai hatimi ɗaya na shekarar da aka fara kafa masa lambobin a kife, aka gyara a kai, sai burbushin 8 da 1 ya rage a ƙarƙashin 5 da 1.

Hajiyar Zango, New Jersey

Ni asara na yi, kuma ina so ku ji. Na sayi kwabon 1909 mai S, alamar San Francisco, a ƙasan shekara da haruffan VDB a baya, na Victor David Brenner da ya zana hoton shugaba Lincoln da ke gaban kwabon. Guda 484,000 kacal aka buga a San Francisco. Wani ya saka shi a intanet da rahusa, wai na kakansa ne, na tura dala ɗari uku. Da na aika wa kamfanin tantancewa sai suka maido shi, S ɗin liƙa ta aka yi a kan na Philadelphia. Mai sayarwar ya rufe shafinsa. Kuɗin adashena ne, har yau in na tuna raina na ɓaci. Mai tsada irin wannan, in ba a cikin rufin kamfanonin tantancewa PCGS ko NGC yake ba, ba na ko tayawa.

Maman Ilham, Columbus

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na 1955 ɗin rubutunsa ɗai-ɗai ne, mun haƙura. Mun sami farare na 1943 guda tara, duk sun ɗafe a maganaɗisu. Wanda na wanke na 1848 ne, ya dame ni, don kyauta ce daga hannun da ba zan ƙara gani ba. Baba, na 1851 kamar ina ganin wani abu a jikin 5 ɗin, amma ban tabbata ba. Sannan wanda ya suɗe ɗin akwai wani kore-kore a gefensa, yaya zan yi da shi?

Baba Injiniya, Maryland

Ki raba shi da sauran, ki sa shi a ɗan ambulan na takarda shi kaɗai, a wuri busasshe. Kada ki sa a leda mai laushi, ita ma tana jawo koren. Ki riƙa kama su ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar. Na 1851 kuma ki kai shi bakin taga da hantsi, ki karkata shi hasken ya zo ta gefe, Ilham ta ɗauki hoton shekarar kusa-kusa ki turo in gani.