Jack Watts: wane gurbi ne ya dace da shi tun farko, kuma me ya hana shi kai inda aka zata?

Baban Sadik, Melbourne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon Ostireliya ce, wato gasar AFL, kuma ta shafi ɗan wasan da ya fi kowa tsaya mini a rai tun da na fara goyon bayan ƙungiyar Melbourne. Na iso garin nan a 2008, shekarar da ƙungiyar ta ƙare a ƙasan tebur, kuma wannan ƙarewar ce ta ba ta damar zaɓen farko a cikin matasan ƙasar baki ɗaya. Ta ɗauki Jack Watts, yaro mai tsayin santimita 196 wanda ya lashe lambar Larke ta gwarzon gasar 'yan ƙasa da shekara 18, ta bar Nic Naitanui ya tafi ƙungiyar West Coast ta birnin Perth a zaɓe na biyu. Aka ba shi riga mai lamba 4, wadda Norm Smith, shahararren tsohon ɗan wasa kuma mai horar da ƙungiyar, ya sa a zamaninsa, duk wanda ya san tarihin ƙungiyar kuwa ya san nauyin da ke rataye da wannan lambar.

Ya yi wa Melbourne wasa 153, aka miƙa shi ga Port Adelaide a ƙarshen kakar 2017, ya yi ritaya a 2020 da jimillar wasa 174, ba tare da ya taɓa buga wasan zagayen ƙarshe ko guda ba. A tsawon waɗannan shekaru na gan shi a gaba, na gan shi a baya, na gan shi a gefen fili, kuma duk inda aka kai shi sai a yi 'yan makonni ana cewa yanzu an gano gurbinsa, sannan a sake ɗaga shi.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne ɗana Sadik. Shekararsa 15, ya fi kusan dukan abokan wasansa tsayi, kuma a ƙaramar ƙungiyar unguwa da yake bugawa an canza masa gurbi sau uku a kaka ɗaya. Ranar Asabar da ta wuce ya shigo mota da takalmansa a hannu, taɓo har gwiwa, ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce mini bai san abin da ake so ya iya ba. Nan take Watts ya faɗo mini a rai.

Don haka ina roƙon ku duba mini abu biyu. Wane gurbi ne ya fi dacewa da Watts, idan aka auna abin da yake iyawa da gaske? Kuma rashin cikar burin da aka ɗora masa, daga shi ne, ko daga yadda aka rene shi?

Ɗan Maraɗi, Adelaide

Wa alaikumus salam, Malam Baban Sadik. Allah ya raya Sadik, ya yi masa albarka.

Ni a ganina gurbin Watts bai taɓa ɓuya ba, mutane ne suka ƙi kallonsa saboda tsayinsa da lambar da aka zaɓe shi da ita. A wannan wasa, da zarar an ga yaro ya doshi mita biyu kuma an ɗauke shi a zaɓen farko, sai a yanke cewa shi ne zai zama babban ɗan gaba, wanda zai tsaya kusa da sanduna, a yi ta jefa masa ƙwallo daga sama, ya kutsa cikin mutum uku ko huɗu ya cafe. Wannan aiki yana buƙatar ƙirji da kafaɗa da son gwagwarmaya, kuma a nan ne Watts ya fi rauni. Abin da Allah ya hore masa daban ne: ƙafa mai aika ƙwallo daidai inda ya nufa, da natsuwa lokacin da kowa ke cikin ruɗu, da idon da ke hango abokin wasa kafin wasu su lura. Ya yi ƙwallon kwando sosai yana yaro, kuma ana ganin tasirinta a yadda yake juyawa cikin cunkoso yana neman sarari.

Mai irin wannan baiwa, wurinsa shi ne bakin layin mita 50 na gaba, a matsayin dogo na biyu ko na uku. Ya riƙa fitowa har gefen tsakiyar fili yana karɓar ƙwallo, ya juya ya ba babban ɗan gaba a ƙirji, idan kuma ya sami fili ya buga da kansa. Hujjata ita ce kakar 2016. A shekarar Jesse Hogan ya riga ya kafu a matsayin babban ɗan gaban Melbourne, shi ne ke ɗauke ɗan bayan da ya fi ƙarfi a kowace ƙungiya, shi ne ke shan karo a sama. Mai horarwa Paul Roos ya bar Watts a gaba kakar gaba ɗaya, bai ɗaga shi ba, sai ya buga wasa 22 ya ci gol 38, kuma wannan ce kakarsa mafi kyau. Yaron bai canza jiki a dare ɗaya ba. Aikin da aka ba shi ne ya dace da hannunsa, kuma an bar shi a kai har ya saba da inda abokan wasansa ke gudu.

Abin takaicin shi ne sai da ya kai shekara 25, a kakarsa ta takwas, kafin a yi masa wannan adalcin. Ka ƙirga masu horarwar da ya yi aiki a ƙarƙashinsu a Melbourne: Dean Bailey, wanda aka sallama a 2011 bayan Geelong ta doke su da tazarar maki 186, sai Todd Viney na riƙon ƙwarya, sai Mark Neeld, sai Neil Craig shi ma na riƙo, sai Roos, sai Simon Goodwin. Mutum shida cikin kaka tara, kowa da tsarinsa, kowa da abin da yake so Watts ya zama. A 2013 ƙungiyar wasa biyu kacal ta ci. Ɗan gaba a irin wannan ƙungiya yakan yi zango guda ƙwallo ba ta iso yankinsa da kyau ba, idan ta zo kuma a hargitse take zuwa, an bugo ta sama don a rabu da ita kawai. Wanda ƙarfinsa yake a tsabtar wasa shi ya fi kowa cutuwa da wannan.

Bazazzagi, Werribee

Malam Ɗan Maraɗi, na yarda da kai cewa ba a halicce shi don karon sama ba, amma ni baya zan kai shi in bar shi a can. Ɗan baya yana fuskantar wasan, ƙwallo tana tahowa gare shi, ba ya buƙatar ya ƙirƙiri dama da kansa, kuma ƙafa irin ta Watts ita ake nema wajen fitar da ƙwallo daga gida. Neeld ya gwada hakan a 2012 bayan ya mayar da shi gasar VFL, wadda ke ƙasa da AFL, na ɗan lokaci, ya kuwa riƙa samun ƙwallo da yawa, sai dai ba a ɗore ba.

Misalan suna nan a sa'anninsa. Michael Hurley, zaɓe na biyar a wannan shekara ta 2008, an yi ta kai shi gaba ana dawo da shi baya a Essendon, da aka tsayar da shi a baya sai ya shiga jerin gwarazan ƙasa a 2015 da 2017. Liam Jones, shi ma ɗan zaɓen 2008, ya kusa rasa aikinsa a Carlton yana ɗan gaba, aka juya shi baya a 2017, ya zama wani mutum daban. Majak Daw na North Melbourne, haifaffen Khartoum, ya daɗe yana kai-kawo tsakanin gaba da tsallen tsakiya (aikin dogon da ke tsalle ya doko ƙwallo idan alƙali ya sake ta), bai zauna da gindinsa ba sai da mai horarwa Brad Scott ya kai shi baya a 2018. Shi kansa Watts, da Port Adelaide ta sa shi baya a wasan farko na 2019, a kan tsohuwar ƙungiyarsa a filin MCG, ya yi wasan da kowa ya yaba, mako guda bayan haka ya karye a ƙafa a wasansu da Carlton. Daga nan bai sake buga wasan AFL ba.

Maman Hanifa, Dandenong

Sallama gare ku duka. Yaya Baban Sadik, ni malamar makaranta ce, kuma tambayarka ta biyu ce ta fi ja mini hankali, domin kullum ina tare da yara masu shekarun da Watts yake da su lokacin da aka jefa shi cikin fili.

A tuna yadda ya fara. Watan Yuni na 2009, ranar hutun zagayowar haihuwar Sarauniya, ɗaya daga cikin wasannin da Melbourne ta fi samun 'yan kallo, a kan Collingwood a MCG. Shekararsa 18, yana ajin ƙarshe na sakandare a Brighton Grammar, jikinsa bai gama ginuwa ba. An yi ta tallata fitowarsa kwanaki kafin wasan, kuma da ya taɓa ƙwallo a karon farko sai 'yan Collingwood suka taru suka danne shi a ƙasa. Wasa uku kawai ya buga a kakar, wanda ke nuna cewa ita kanta ƙungiyar ta san bai nuna ba. Ƙungiyar da ke ƙasan tebur tana bukatar abin da za ta nuna wa magoya baya don su ci gaba da haƙuri, sai aka ɗauki yaro aka sa a gaba. Daga ranar duk kuskuren da ya yi a idon duniya ya yi shi, duk lokacin da Naitanui ya yi wani abin burgewa a Perth kuma sai a waiwayo a dubi Watts.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba, kuma ina ganin adalci ne a faɗi wannan. Masu horarwa daban-daban, waɗanda ba su yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan ƙorafi ɗaya: ba ya shiga gwagwarmayar ƙwallon da ba ta da mai ita da zafin da ake so, kuma ƙwazonsa yana hawa yana sauka. Bayan kakar 2016 mai kyau, Goodwin ya ajiye shi a wasannin share fage na farkon 2017 saboda bai gamsu da atisayensa ba. Idan mutane da yawa suka ga abu ɗaya a jikinka, to akwai shi.

A nan ne nake da ja da Malam Bazazzagi. Jones da Daw sun yi nasara a baya ne saboda dukansu masu son karo ne, suna tashi sama su doke ƙwallo ko da za su faɗo ta ka, abin da ya gagare su a gaba shi ne sanin inda za su gudu da kuma bugun gol. Matsalar Watts kishiyar tasu ce. Yana iya zama ɗan baya mai 'yanci, wanda ba a ɗora masa tsaron kowa ba, yana tsinke ƙwallo yana rarrabawa, amma ranar da aka ce ya riƙe ƙaton ɗan gaba shi kaɗai a bakin gol, raunin nan zai sake fitowa, kuma kuskure a can gol ne, wato maki shida, nan take. Don haka na fi karkata ga ra'ayin Malam Ɗan Maraɗi.

Game da Sadik, shawarata ita ce kada canjin gurbi a shekara 15 ya tayar maka da hankali, domin a wannan matakin yana da amfani yaro ya ɗanɗana ko'ina. Abin da ya faɗa a mota shi ne abin dubawa. Ka sami mai horar da su cikin girmamawa, bayan atisaye ba ranar wasa ba, ka roƙe shi ya gaya wa yaron abu biyu ko uku da yake so ya gani a kowane gurbi, a kuma bar shi a wuri ɗaya na wasa biyar ko shida kafin a yanke hukunci.

Baban Sadik, Melbourne

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya Maman Hanifa, zan bi shawararki ranar Talata idan Allah ya kai mu, kuma zan tafi da Sadik don ya ji da kunnensa.

Bambancin da kika fitar tsakanin Watts da su Jones ban taɓa lura da shi ba, kuma ya sa na sake tuna wasan da ba na mantawa. Ina cikin MCG a wasan hutun Sarauniya na 2017, shekara takwas bayan wancan dannewar, kuma da Collingwood ɗin dai. Saura 'yan mintuna a tashi, wasa ya yi zafi, sai ga Watts ya taho a guje da ƙwallo cikin sarari, babu wanda zai yi karo da shi, babu abin da ake nema daga gare shi sai natsuwa da ƙafa. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya buga, ta wuce tsakanin manyan sanduna, muka ci da tazarar maki 4. Wani dattijo da ke kusa da ni, sanye da tsohon mayafin wuya ja da shuɗi, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta maimaita sunan yaron. Aikin da Malam Ɗan Maraɗi ya bayyana ke nan, a gurbin da ya ambata.

Wata huɗu bayan haka aka miƙa shi ga Port Adelaide a madadin zaɓe na 31. Da wannan zaɓen Melbourne ta ɗauki Bayley Fritsch, ɗan gaba matsakaicin tsayi mai tsabtar ƙafa, wanda babu wanda ya taɓa nema ya zama mai karon sama, kuma shi ne ya ci gol shida a wasan ƙarshe na 2021 da ƙungiyar ta ɗauki kofinta na farko tun 1964. Malam Bazazzagi, ina so in ji ko wasan farko na 2019 shi kaɗai ya isa ya sa ka tsaya kan ra'ayinka, ko akwai wasu wasannin 2012 da ka gani da idonka waɗanda ni ban ba su muhimmanci ba.