Na ɗauki mai taimaka min daga nesa, amma har yanzu ni ke yin rabin aikin

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, yawancin cinikin ta WhatsApp da Instagram ne. Na ɗauki wata yarinya a Zariya tana amsa min saƙonni daga gida. Kowane abu sai ta kira ni, sau biyu kuma ta faɗi farashin da ya riga ya canza. Yanzu tana neman kalmar sirrin shafina. Don Allah masu sani, yaya ake tsara irin wannan aiki?

Injiniya_KD:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki ba ta kalmar sirri, aikin ba ya buƙatar haka. WhatsApp Business yana barin a haɗa na'urori har 4 da lamba ɗaya. Ta buɗe manhajar a wayarta ko kwamfutarta, ke kuma ki shiga wurin haɗa na'urori ki amince da ita. Ranar da kuka rabu, daga wayarki za ki cire ta. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, duk na'urorin da aka haɗa suna fita da kansu.

Instagram kuwa, ki haɗa shi da shafin Facebook na kasuwancin, sai ki ƙara ta a Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci na Facebook da Instagram, da izinin amsa saƙo da saka hoto kawai. Kada ki ba ta cikakken iko, domin mai cikakken iko zai iya cire ki daga shafinki. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Instagram da Facebook duka, lambar ta riƙa zuwa wayarki.

Ummu Khadija:
Hajiya, yawan kiran nan alama ce cewa abin da ta ke buƙata yana cikin kanki, ba a rubuce ba. Ki buɗe takarda ɗaya a Google Sheets, manhajar jadawali ta intanet da ku biyu za ku iya gani, mai layuka kamar haka: lambar kaya, suna, launi, tsawo, farashin ɗaiɗai, farashin sari, da adadin da ya rage. Ki rubuta tsawon a fili, turmin atamfa yadi 6, leshi yadi 5, don mai saye ba ya yafe wannan kuskuren. Kowane hoto ya ɗauki lambarsa, kar a riƙa cewa "mai ruwan toka ɗin nan". Layin farashi ki kulle shi ya zama ke kaɗai ke iya gyarawa, kuma ki gyara kafin ki buɗe shago duk ranar da kaya suka tashi.

Sannan ki yanke mata iyaka. Misali, ragin da bai wuce naira 500 a turmi ba ta yanke da kanta. Bashi, mayar da kaya, ko odar da ta wuce turmi 10, wannan sai ta jira ki. Sauran tambayoyi ta tara su, ku yi magana sau biyu a rana, bayan Azahar da bayan Isha'i. Tambayoyin da ake maimaitawa, irin kuɗin aike zuwa Abuja ko lambar asusu, ku rubuta su a amsoshin gaggawa na WhatsApp Business, tana danna alamar / za su fito.

Kuɗin data ki ware shi daban da albashi, kuma ki tabbatar tana da abin cajin waya na ajiya. Yawancin "ba ta amsa saƙo" rashin wuta ne.

Abu Fatima:
Ni maganar kuɗi zan ja kunne a kai. Kada ta taɓa tura kaya don an turo mata hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi, ana ƙirƙirar su. Ta sa wa mai sayen alamar "ana jiran tabbaci", ke ki duba manhajar bankinki, sai ki ce a tura. Lambar sirrin banki, BVN da lambar da banki ke turowa ta tes, babu dalilin da zai sa su fita daga hannunki. Lambobin abokan cinikinki ma amana ce, tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, don haka ki sa a yarjejeniyarku cewa ba za ta kwashe su ba.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani ya ce in nemi 'yan ƙasar waje a Upwork, shafin ɗaukar ma'aikata ta intanet, wai sun fi ƙwarewa. Ya kuke gani?

Ummu Khadija:
Don lissafi ko gyaran hoto, babu laifi. Amma abokan cinikinki saƙon murya suke turowa da Hausa, ɗan ƙasar waje, misali ɗan Filifin, ba zai ji ba, ga shi sun riga mu da awa 7, ƙarfe 8 na darenmu 3 na dare ne a can. Ki riƙe ta Zariyan, ki ba ta takardar farashin da iyakokin nan, ki gwada mako 2 kina karanta hirarrakinta kullum da daddare kina gyara mata.