Kyautar sauka ga 'yar shekara 15: wace na'urar kicin ce ta dace da ita a Jos?

Gwaggo daga Rikkos

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar yayana za ta yi saukar Alƙur'ani ƙarshen wata mai zuwa, shekararta 15. Atamfa da hijabai da takalma na san dangi za su kawo har su yi yawa, shi ya sa nake son in ba ta abin da zai daɗe a hannunta. Yarinya ce mai son girki, musamman kek da kayan fulawa, kuma da muciya take buga bota da sukari har damtsenta ya gaji. Hankalina ya rabu tsakanin bilenda, tostar gasa biredi, butar lantarki da mikisar hannu. Wuta a unguwarsu takan zo ta tafi, wani lokaci ta zo da rauni, janaretansu kuma ƙarami ne, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. An kuma nuna mini wata bilenda ta gwanjo mai kyau, aka ce daga Amurka take. Masana ku taimaka mini da shawara.

Mai gyaran wuta, Bauchi Road

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun. Kafin ki dubi kyan na'ura, kifa ta ki karanta 'yar takardar da ke manne a gindinta. Lambobi biyu za ki nema, bolt (ƙarfin wutar da ta dace da ita) da wat (yawan wutar da take ja).

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuma 120. In kika ga an rubuta 110 ko 120 kaɗai a jikin bilendar gwanjon nan, ki bar ta a inda kika gan ta. Da zarar an jona ta a soket ɗinmu, ƙarfin da zai shige ta ya kusa ninki huɗu na abin da aka yi ta dominsa, nan take za ki ji ƙaurin ƙonewa. Akwai ƙaramar tiransifoma da ke sauke wutar, amma tana da nauyi, ƙarin kuɗi ce, kuma rana ɗaya wani a gidan ya manta ya jona kai tsaye, shi ke nan. Wadda aka rubuta wa 220 zuwa 240 ita ce tamu.

Sai wat, wanda shi ne zai raba miki gardama. Butar lantarki mai lita 1.7 tana jan wat 1,800 zuwa 2,200. Tosta mai gasa biredi biyu tana jan kamar 750. Bilenda ta gida 300 zuwa 600. Mikisar hannu 150 zuwa 300. Wannan ƙaramin janaretan, ko da an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake iya ɗauka a tsaye bai wuce wat 650 ba, kuma akwai fitilu da talabijin a kansa. Kenan buta da tosta sun fita daga lissafi, sai dai ranar da Nepa ta kawo. Bilenda ma da kyar, domin duk abin da ke da mota, wato injin da ke juyawa a cikinsa, yakan fizgi wuta fiye da abin da aka rubuta a lokacin tashi. Za ki ji janaretan ya yi nishi, fitilu su dushe. Mikisa ce kaɗai zai ɗauka ba gardama. A mitar wuta ma haka lissafin yake: mikisa mai wat 250 sai ta yi awa 4 tana aiki kafin ta ci yunit 1, buta mai 2,000 kuwa rabin awa ta cinye shi.

Game da raunin wuta, ki gargaɗe ta da kyau. Abin da ke dumama ruwa ko biredi, in wuta ta yi rauni, jinkiri kawai zai yi. Mai mota kuwa gurnani zai yi ta yi bai juya da ƙarfi ba, 'yar fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu, zaren jan ƙarfen da ke ciki ya ɗauki zafi har ya ƙone. In ta ga ƙwan fitila ya yi ja, ta haƙura har wuta ta cika.

Hajiya mai kek, Tudun Wada

'Yar uwa, amsar tana cikin tambayarki. Yarinyar da ke buga bota da muciya, mikisa take buƙata. Ga kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba: bilenda in ta shiga gida, ta zama ta kowa. Kafin sati biyu ta koma markaɗa tumatir da attaruhu kullum, yarinya ba ta da ta cewa tunda girkin gida ne. Mikisa kuwa ba mai taɓa ta sai mai yin kek, don haka kyautar za ta tsaya a matsayin tata. Amma ki fara shawara da mahaifiyarta, kicin nata ne.

Ki nemi mai wat 250 zuwa 300, mai matakan gudu 5, da maɓallin da ke tunkuɗo sandunan waje. Ki riƙe sandunan ki gwada lanƙwasa su da yatsa. In sun bi hannu, ba za su yi ƙarko ba. Ki haɗa mata da ƙaramin sikelin kicin da cokulan awo, domin yawancin kek ɗin da ke lalacewa a hannun masu koyo daga awon ido ne.

Abin da ke kashe mikisa a garin nan shi ne bota mai sanyi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, bota takan daskare a kan tebur kamar sabulu. In aka tura mikisa a cikinta haka, ƙananan giyoyin roba da ke juya sandunan za su cinye haƙoransu, sai ka ji mota na kuka, sanda ɗaya ta tsaya. A yayyanka botar ƙanana, a ɗora kwanon a kan ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, har yatsa ya riƙa nutsewa a ciki, amma kada ta narke ta zama mai. Kada kuma mikisa ta wuce minti 5 tana aiki ba hutu. Kwaɓin cincin da na biredi da na fanke mai tauri ba aikinta ba ne, ko da an sako ƙugiyoyin kwaɓi a kwalin. Wannan da hannu za a yi.

Ga awon da za ta fara da shi: bota giram 250, sukari 230, ƙwai 5, fulawa 250, madara cokali 3, bakin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A buga bota da sukari minti 4 zuwa 5 har su yi fari su yi sauƙi, a sa ƙwai ɗaya-ɗaya, sannan a ajiye mikisa a juya fulawar da cokalin katako. In aka buga fulawa da inji, kek yakan yi tauri kamar biredi. Za ki ga na rage sukari da bakin foda a kan abin da ake rubutawa a intanet. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta danna kwaɓi kamar a Legas, shi ya sa kek ke saurin kumbura a nan, ya tashi kafin cikinsa ya kama, sannan tsakiyarsa ta lotsa. Yara da yawa kan ɗauka laifinsu ne, alhali awon ne bai dace da garin ba.

In babu oben, tukunya mai faɗi da wankakken yashi kauri yatsa biyu a ƙasa ta isa. A dumama ta minti 10, a ɗora gwangwanin a kai, a rufe, wuta kaɗan-kaɗan, kada a buɗe kafin minti 30.

Abban Yara, Dogon Dutse

Hajiya mai kek ta yi gaskiya, sai dai kada a yar da bilenda gaba ɗaya ga wanda yarinyarsa ta fi karkata ga kunun aya da lemon 'ya'yan itace, ga shi kasuwar Farin Gada ba ta rabo da kaya, har sitiroberi a lokacin sanyi. Abubuwa uku ne ke kawo matsala. Busasshiyar aya tana cinye robar da ke haɗa kofi da mota, don haka a jiƙa ta kwana guda, a cire ƙwallon dabino, kofi 1 na aya a ba shi kofi 2 na ruwa, a markaɗa minti ɗaya a huta minti ɗaya. Na biyu, kada a zuba abu mai zafi a rufe a kunna, tururi zai cilla murfin ya watsa mata a fuska. Na uku, ba a sa hannu ko cokali a kofin sai an zare filogi daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba. Gindin da motar take kuma ba ya shiga ruwa, tsumma mai laima ya ishe shi.

Gwaggo daga Rikkos

Allah ya saka da alheri, na tsaya a kan mikisa da sikeli. Malam mai gyaran wuta, me zan duba a shago kafin in biya?

Mai gyaran wuta, Bauchi Road

Ki sa a buɗe kwalin a gabanki a jona ta, a bi matakan gudun ɗaya bayan ɗaya da sandunan a jiki. Ki saurara: ƙarar ta riƙa hawa sumul, ba kakarewa, ba tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ba ƙauri. Filogin ya kasance mai baki uku masu kusurwa irin na soket ɗinmu. Fis ɗin da ke cikin filogin, wanda ke yanke wuta in ta yi yawa, mai amfiya 3 ya ishi mikisa. In mai baki biyu zagayayye ne, ki sayi adafta mai kyau a nan take, don kada yarinya ta koyi tura tsinke ko biro a ramin soket. Ki ja wayar a hankali daga inda ta shiga jikin na'urar ki ga ba ta motsi. Sannan mai shago ya rubuta miki rasit da lambar na'urar da adadin kwanakin da ya yarda a dawo da ita, ki sa shi cikin kwalin tare da takardar garanti.