Bedi ya cinye mini tsakar gida, mi zan shuka a ƙasanshi?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Gidanmu nan Tahoua akwai bedi 3 da gawo 1 da mangwaro, tun baba ya shuka su, yanzu inuwa ta rufe ko'ina, na sa tumatir da fulawa duk sun yi tsawo siriri sun mutu, ga kuɗin ruwa. So nike in sake tsarin wurin gaba ɗaya amma ban son sare icce. Shawara don Allah.

Hajiyar Garka:
Wa alaikumus salam ɗana. Tumatir rana yake so, ka ɓata ruwanka kawai. Ƙasan bedi sai na'ana'a, ita ma a tukunya ko tsohuwar taya, don saiwar bedi ba ta barin ma kowa ruwa. Ka rage rassan gabas rana ta shigo da safe.

Mai Bedi:
Gawon nan kar ka taɓa shi fa, shi da damina yake zubar da ganye, to nan ƙasanshi ka sa kuɓewa da yakuwa, ga haske ga taki kyauta. Zogale kuma can bakin katanga inda rana ke bugawa. Ka jira Yuli ƙasa ta sha ruwa.

Ɗan Ader:
Na gode Hajiya. Ganyen da ke zuba fa, in ƙona?

Hajiyar Garka:
A'a, rami za ka yi ka haɗa da kashin awaki ya ruɓe. Amma ka lura da gara, ni ta ci mini gwaba biyu bara.