Brian Faulkner: mai kashe wuta ne, ko shi ya hura ta?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Jiya na ce Brian Faulkner ne ɗan siyasar da tarihin Ireland ta Arewa ya fi zalunta, Hajiya Binta ta ce in kawo hujja. To ga ta. Mutumin nan ɗan Furotesta ne, jigo a jam'iyyar UUP ta masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya. Amma ranar 1 ga Janairu 1974 shi ya jagoranci gwamnatin farko da aka raba madafun iko da 'yan Katolika, Gerry Fitt na SDLP, jam'iyyar da 'yan Katolika suka fi mara wa baya, yana mataimakinsa. Jam'iyyarsa ta juya masa baya a watan, ya sauka daga shugabancinta. Yarjejeniyar raba iko da ya sa wa hannu a Sunningdale, a Ingila, ita aka dawo aka karɓa a yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, bayan an yi ta binne mutane shekara 24.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara labarin daga wutsiya. Ina ka bar 9 ga Agusta 1971? Faulkner yana firaministan Ireland ta Arewa ya matsa wa Landan lamba aka fara tsare mutane ba tare da shari'a ba. Da asuba sojoji suka kwashe mutum 342, kuma ba a taɓa ko ɗaya daga 'yan bindigar Furotesta ba. Jerin sunayen ma tsoho ne, cikin kwana biyu aka saki fiye da 100. A unguwar Ballymurphy ta Belfast kaɗai an kashe mutane cikin kwana uku na farko, har da limamin coci, kuma a 2021 binciken kotu ya ce mutum goman da ya duba ba su da laifin komai. Zanga-zangar da sojoji suka buɗe wa wuta a Derry ranar 30 ga Janairu 1972, suka kashe 13 nan take, ta ƙin wannan tsarewar ce. IRA, ƙungiyar 'yan bindigar da ke yaƙin haɗe yankin da Ireland ta kudu, ba ta taɓa samun matasa kamar lokacin ba. Wanda ya cinna wa rumbu wuta ba a yaba masa don ya zo da bokitin ruwa.

Auwalu: Wato irin dokar soja ta 2 da aka yi mana a 1984.

Malam Sani: Auwalu, bar siyasar gida, kada zauren ya watse. Hajiya, ban wanke shi daga wannan ba. Amma duba inda ya samo tunanin. Ya zama ministan harkokin cikin gida a 1959, lokacin IRA na kai hare-hare a kan iyaka, ana tsare mutane, kuma a 1962 yaƙin ya mutu. Ya ɗauka maganin jiya zai yi aiki yau.

Hajiya Binta: Ya manta cewa a wancan karon gwamnatin Dublin ma tana tsare 'yan IRA a nata ɓangaren. A 1971 ba ta yi ba. Kuskure ne da ya ci rayuka, ba tuntuɓen harshe ba.

Dakta Hadiza: Ni abin da ke damuna da shi ba 1971 ba ne, 1969 ne. Terence O'Neill, firaministan yankin a lokacin, yana ƙoƙarin gyara, ko da na jeka-na-yi-ka ne, sai Faulkner ya ajiye muƙaminsa a Janairu saboda kwamitin binciken da aka kafa kan tarzoma. Masu tsattsauran ra'ayi suka ji daɗi, O'Neill ya faɗi a watan Afrilu. Faulkner ya nemi kujerar, Chichester-Clark ya kayar da shi da ƙuri'a ɗaya. Kuma shi ne a 1955 ya shiga gaban jerin gwanon ƙungiyar Orange ta 'yan Furotesta a hanyar Longstone, yankin 'yan Katolika, 'yan sanda suna ba su kariya. Sai ka ga mutum ne da yake bin inda iska ta kaɗa.

Malam Sani: Dakta, da mai bin iska ne da bai je Sunningdale ba, don iskar tana kaɗawa ne zuwa wajen Ian Paisley da William Craig, jagororin Furotesta masu adawa da yarjejeniyar. A zaɓen Birtaniya na Fabrairu 1974 masu adawa da yarjejeniyar suka lashe kujera 11 cikin 12 na yankin. Ya ga haka ya tsaya. Kuma kada a manta aikinsa a ma'aikatar kasuwanci daga 1963, lokacin da masaƙu da aikin ƙera jiragen ruwa suke durƙushewa. Ɗan masu masana'antar ɗinka riguna ne, ya san harshen 'yan kasuwa, a zamaninsa kamfanoni irin su Michelin da Goodyear suka kafa masana'antu. Shi ne kuma ya naɗa G. B. Newe minista a 1971, ɗan Katolika na farko cikin shekara 50 na gwamnatin Stormont, wato gwamnatin yankin.

Dakta Hadiza: Mutum ɗaya cikin shekara 50, kuma bayan an cika gidajen yari da 'yan uwansa. Masana'antun ma yawancinsu gabas suka tafi, Derry tana kallo.

Baba Lawal: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Duk kun ɗora wa mutum ɗaya kayan da ba nasa kaɗai ba. A Maris 1972 firaministan Birtaniya Edward Heath ya ce a miƙa wa Landan harkar tsaro, Faulkner ya ƙi, aka dakatar da majalisar Stormont. Daga nan ya gane mulkin masu rinjaye su kaɗai ya ƙare, abokansa ba su gane ba. Wannan na ba shi. To amma wa ya kayar da gwamnatin 1974? Yajin aikin ma'aikatan Furotesta na mako biyu a watan Mayu: an rage wutar tashar Ballylumford, 'yan daba sun tare hanyoyi, gwamnatin Harold Wilson a Landan ta naɗe hannu. Su kuma SDLP da Dublin sun nace a kan majalisar haɗin gwiwa ta Ireland baki ɗaya, abin da Furotesta suke gani a matsayin ƙofar haɗe su da kudu. Sun aza masa kayan da ba zai iya kai wa mutanensa ba. Ranar 28 ga Mayu ya sauka.

Malam Sani: Madalla Baba. Shi ya sa Seamus Mallon na SDLP ya kira yarjejeniyar 1998 Sunningdale ta masu jinkirin fahimta.

Hajiya Binta: Baba, na yarda an bar shi shi kaɗai a 1974. Abin da ban yarda ba shi ne kalmar Malam ta "wanda aka fi zalunta". Faulkner ya mutu a Maris 1977, ya faɗo daga kan doki wajen farauta, ba a daɗe da ba shi kujera a majalisar dattawan Birtaniya ba. Su kuwa mutum 14 da aka rufe wa kai da buhu aka gana musu azaba bayan kamen 1971, sai da aka kai Birtaniya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ita ma a 1978 ta ce wulaƙanci ne da rashin imani, ta ƙi kiransa azabtarwa. In ana lissafin waɗanda aka zalunta, Malam, daga kansu zan fara.

Malam Sani: To na janye "aka fi". Sauran maganar tana nan.

Auwalu: An kira la'asar a nan. In mun dawo Dakta ta ba mu labarin Craig ɗin nan.